Na Zuba Sababbin Fon, Rubutu Ya Hargitse A Chrome

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga katin biki da kalanda a Fagge. Makon jiya wani abokin sana'a ya ba ni filashi cike da samfuran haruffa, wato fon, na zuba su duka a kwamfutata saboda aikin CorelDRAW. Tun ranar, in na buɗe wasu shafuka a Chrome sai rubutun ya fito a cakuɗe, haruffa na hawa kan juna, wani wurin ma alamomi ne zalla. A waya kuwa shafukan lafiya lau. Yaron shagona ya ce bairos ne, sai an yi fomatin. In yi? Daga mai buga kati, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Don Allah, Malam, kada ka yi fomatin. Za ka jefa aikin mutane cikin haɗari a banza, alhali mai laifin yana cikin filashin nan.

Ga yadda abin yake. Shafin intanet yakan miƙa wa burauza jerin sunayen fon: in akwai wannan ka ɗauka, in babu ka wuce na gaba. Shafuka da yawa suna sa Helvetica ko Helvetica Neue a sahun farko, domin kwamfutocin Apple da su suke zuwa. Windows ba ta zuwa da su, shi ya sa a da Arial kake gani, komai tsaf. Yanzu filashin ya shigo da wani fayil mai ɗauke da wannan suna, tsoho ko lalatacce, shi kuma Chrome suna yake bi, ba ya tambayar lafiya. Wayarka ba ta sha daga filashin ba, don haka ta tsira.

Kada ka tsaya canki-canki. Ɗora linzami a kan rubutun da ya lalace, danna ɓangaren dama, zaɓi Inspect. A tagar da ta buɗe shiga Computed, ka gangara can ƙasa, za ka ga Rendered Fonts. Sunan da ke wurin shi ne fon ɗin da Chrome yake aiki da shi a zahiri. Na taɓa yin haka a wani shagon ɗab'i, sai ga Helvetica kala uku a kwamfuta ɗaya, mai shagon bai ma san da zamansu ba. Yana tsaye a kaina, ya riga ya kwashe hotunan amare zuwa wani filashi yana shirin goge komai.

In ka gano sunan, buɗe C:\Windows\Fonts, kwafi fayil ɗin ka ajiye a gefe, sannan ka goge shi daga nan. Kashe kwamfutar ka sake kunnawa. Arial da Segoe UI da Times New Roman kuwa kada ka taɓa su, na Windows ne.

Tunda katunan Hausa kake bugawa, bari in ƙara maka wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. In ka ga ɗan akwati a gurbin ƙ, ɗ ko ɓ kaɗai, sauran haruffa lafiya, to fon ɗin ne ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Nemi Noto Sans na Google ko Charis na SIL, kyauta ne kuma suna da su. In kuma ƙ ta koma Æ™, ko ɗ ta koma É—, wannan ba laifin fon ba ne sam. An adana rubutun da tsarin UTF-8, aka karanta shi da tsohon tsarin Windows-1252, kuma gyaran yana hannun mai shafin. Ina jin zafi in ga katin ɗaurin aure an rubuta kasa inda ake nufin ƙasa, don kawai fon ya gaza.

Sauran fon ɗin filashin, bar su a folda ta daban. Ranar da aiki ya buƙaci ɗaya, ka loda shi kaɗai, ka buɗe Chrome ka duba kafin ka ƙara wani.