Ɗana ba ya kukan ciwon ƙugu, me ya sa za a yi masa hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa 3. Tun da ya yi shawara mai tsanani yana jariri jikinsa ke sanƙarewa, har yau ba ya zama sai an tallafe shi. Masu gashin ƙashi na asibiti sun ce a yi masa hoton ƙugu, alhali ba ya nuna ciwo, kuma ba a gama tantance lalurarsa ba. Mu jira? Daga wata uwa a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. 'Yar'uwa, kada ki jira.

Abin da kika bayyana ya yi kama da shanyewar gaɓɓai sakamakon raunin ƙwaƙwalwa, wadda muke kira CP, ba shan inna ba. Irin waɗannan yara da lafiyayyen ƙugu ake haihuwarsu. Tsokar cinya da ke ɗaurewa ce take jan kan ƙashin cinyar kullum, ga shi yaron ba ya takawa balle gurbin da ƙashin ke zaune a ƙugu ya yi zurfi, sai ƙashin ya riƙa zamewa a hankali ba tare da ciwo ba. Ranar da ciwon zai bayyana, sau da yawa ya riga ya goce. Abin da ya fi damuna ke nan, domin daga nan zama da wanka da tsarki duk su zama azaba.

Kusan yaro 1 cikin 3 masu CP na samun wannan zamewar. Mai tafiya da ƙafarsa haɗarinsa kaɗan ne. Wanda ko wuyansa ba ya riƙewa kuwa, kusan 9 cikin 10 ne. Shi ya sa abin da yaro ke iya yi ya fi sunan lalurar muhimmanci wajen sa ranar hoto. Tantancewar tana da amfaninta, a ci gaba da ita, amma ƙugu ba ya jiran takarda.

A hoton ana auna yawan kan ƙashin da ya fita daga gurbi. In ya haura kashi 30 cikin 100, likitan ƙashi zai duba. A ƙasar Suwidin sun fara bibiyar ƙugun irin waɗannan yara da hoto a 1994, gocewar ƙugu gaba ɗaya ta sauko daga kashi 8 zuwa ƙasa da 1.

Ki kai shi asibitin koyarwa na Shika, a maimaita hoton duk wata 6 zuwa 12, ki adana tsofaffin don a gwada su da sabo. In kika ga buɗe cinyoyinsa na wuya, ko ƙafa ɗaya ta fi gajarta, ki koma kafin ranar da aka ba ki. Kuma don Allah kada a kai shi wurin mai ɗori a ja ƙafar.