Idan aka ƙwace min adireshin .ng, ICANN zan kai ƙara?

Malam, ka tambaya ko ICANN, hukumar da ke kula da tsarin adireshin intanet na duniya, za ta maido maka adireshin shafinka na .ng idan aka dakatar da shi. Gaskiya da wuya. Tsarin sasanta rikici na ICANN ya fi ɗaure irin su .com, adireshin ƙasa irin .ng kuwa, mai kula da shi ne ke kafa dokokinsa. A Najeriya NiRA ce, ƙungiyar da ke kula da rajistar .ng, wadda aka kafa a 2005.

Tun 1994 Jon Postel, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara intanet, ya rubuta a takardar ƙa'idojin intanet mai suna RFC 1591 cewa mai kula da adireshin ƙasa ɗan amana ne, al'umma yake yi wa hidima. Magana mai daɗi, amma wa zai tuhumi ɗan amanar idan ya karkace? Nan gizo ke saƙar. A 2010 masu kula da .ly na Libiya sun rufe shafin vb.ly, suka ce ya saɓa wa dokokinsu, kuma ICANN ba ta maido shi ba.

Don haka fara da kamfanin da ya yi maka rajista, ka nemi dalilin dakatarwar a rubuce. In bai gamsar ba, sai NiRA, sannan kotu. Ka adana rasit da duk saƙonnin da kuka yi.