Filin Tambaya da Amsa: An sallami ƙanena daga sojan Amurka da tabo a takardarsa, ko akwai hanyar gyarawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka ne daga unguwar Bronx ta birnin New York a kan al'amarin ƙanena da muke uwa ɗaya uba ɗaya. Ya shigo Amurka da takardar izinin zama na dindindin, ya shiga rundunar sojan ƙasa a 2011, ya sami zama ɗan ƙasa yana cikin aikin, sannan aka kai shi Afganistan a 2012, inda wata rana bam ɗin da aka binne a hanya ya tashi da motar da ke gaban tasu. Tun da ya dawo bai sake zama yaron da muka sani ba: ba ya barci, ya fara makara wajen fareti, ya yi sa-in-sa da na gaba da shi, har ya taɓa ɓacewa kwana tara ba tare da izini ba. A 2014 aka sallame shi bisa zargin rashin ɗa'a, aka rubuta masa irin sallamar da suke taƙaitawa da haruffan OTH. Wasu daga cikin zarge-zargen ya amsa, wasu kuwa ya rantse bai aikata ba. Yanzu motar haya yake tuƙawa, kuma duk inda ya nemi aiki aka tambaye shi takardar sallama sai ya janye jiki. Mahaifiyarmu da ke Kano har yau ta ɗauka wa'adin aikinsa ne ya cika. Wani ya ce mana takardar tana gyaruwa da kanta bayan wata shida, wani kuma ya ce sai an zuba wa lauya dubban daloli. Mene ne gaskiyar magana?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan wannan zumunci. Zan fara da kawar da maganar wata shidan nan, domin ta daɗe tana yawo a barikokin Amurka, kuma ta cuci mutane da yawa da suka sa hannu a takardar sallama suna zaton abin na ɗan lokaci ne. Babu wata doka da ta ce takardar sallama tana canzawa da kanta, ko bayan wata shida ko bayan shekara talatin. Wanda bai rubuta ya nema ba, haka takardarsa za ta zauna. Maganar kuɗi kuma ba haka take ba, domin shigar da buƙatar kyauta ne, kuma akwai lauyoyin da ke ɗaukar irin wannan aiki ba tare da karɓar ko kwabo ba.

Yana da kyau ka san matsayin da ƙanenka yake. Sallama a aikin sojan Amurka hawa-hawa ce, kuma ana rubuta ta a takardar da ake kira DD-214. A sama akwai sallama mai cikakkiyar daraja, ƙasa da ita akwai ta gama-gari wadda har yanzu ake lissafa ta cikin masu daraja, sai OTH ɗin da aka ba ƙanenka, wato wadda ba ta cikin sharuɗɗan daraja. Ƙasa da waɗannan akwai biyu da kotun soja kaɗai ke yanke su a matsayin hukunci. Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne tasa ba hukuncin kotu ba ce, shugabannin rundunarsa ne suka yanke ta a matsayin matakin gudanarwa, kuma irin wannan ta fi sauƙin taɓawa. Amma illarta ba ƙarama ba ce: a rundunar sojan ƙasa akan sauke mai irin wannan sallama zuwa muƙami mafi ƙanƙanta, sannan tallafin karatun nan na tsofaffin sojoji da aka yi doka a kansa bayan harin 11 ga Satumba ba ya samuwa sai ga mai cikakkiyar daraja.

Ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa biyu ne. Ta farko ita ce hukumar sake duba sallama, wadda kowane reshe na sojan ƙasar yake da tasa, kuma ana neman ta ne da fom mai lamba DD 293. Wannan hukuma tana da wa'adin shekara 15 daga ranar sallama, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kansa. Tunda an sallami ƙanenka a 2014, ƙofar tana rufe masa a 2029, a daidai ranar da ke rubuce a takardarsa, don haka ka ɗauko takardar yau ka duba ranar da idonka. Ta biyu ita ce hukumar gyara bayanan soja, wadda ake nema da fom DD 149. Ikonta ya fi faɗi, wa'adinta shekara 3 ne daga lokacin da mutum ya gano kuskure ko zaluncin da yake kuka a kai, sai dai tana iya yafe wa'adin idan adalci ya buƙaci haka. Ga mai hali irin na ƙanenka, da ta farko ake farawa, saboda tana ba mutum dama biyu: a duba takardunsa kawai, idan bai gamsu ba kuma ya nemi a saurare shi baki da baki. Shawarata ita ce kada ya yi gaggawar ƙona damar saurarawar, ya fara da duban takardu, ya ga dalilan da za su bayar idan sun ƙi, sannan ya shirya wa zaman da kyau.

A nan ne nake so in daɗe, domin a nan yawancin masu nema suke faɗuwa. Hukumar sake duba sallama tana fara aikinta ne da ɗaukar cewa rundunar ta yi komai daidai, kuma nauyin nuna akasin haka yana wuyan mai nema. Abu biyu take aunawa: ko an bi doka da ƙa'ida wajen sallamar, da kuma ko hukuncin ya yi daidai da adalci idan aka dubi aikin mutum gaba ɗaya. Wasiƙar da ke cewa "na yi nadama, ina da iyali, ku tausaya mini" ba ta amsa ko ɗaya daga cikin biyun. Haka nan rantsuwar cewa ƙarya aka yi masa ba za ta motsa kowa ba idan ba ta zo da shaida ba, kamar rubutacciyar sanarwar wani da suka yi aiki tare wanda ya ga abin da ya faru, ko takardar asibiti da ke nuna yana gaban likita a ranar da aka ce bai zo aiki ba. Abin da ya aikata kuma ya amsa shi a fili, domin hafsoshin da ke zaman sun karanta ɗaruruwan fayiloli, kuma mutumin da ya musa komai yakan ɓata ko gaskiyar da ke hannunsa.

Mafi ƙarfin hujjar ƙanenka, a ganina, tana cikin jimlarka da ka ce bai sake zama yaron da kuka sani ba. Rashin barci, saurin fushi da gudun mutane bayan fashewar bam alamu ne da likitoci suka sani na ciwon firgita da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda ake kira PTSD, da kuma na raunin ƙwaƙwalwa da girgizar bam ke haifarwa. Ba shi kaɗai ba ne. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto a 2017 wanda ya nuna cewa daga cikin sojoji 91,764 da aka sallama saboda rashin ɗa'a tsakanin 2011 da 2015, kashi 62 cikin 100 likita ya riga ya gano suna da PTSD, ko raunin ƙwaƙwalwa, ko wata lalura makamanciyarsu a cikin shekara biyu kafin sallamar. Saboda irin wannan ne sakataren tsaro Chuck Hagel ya ba da umarni a watan Satumban 2014 cewa a riƙa sassauta wa masu PTSD wajen duba buƙatunsu. A watan Agustan 2017 wani babban jami'in ma'aikatar tsaro, Anthony Kurta, ya faɗaɗa umarnin ya haɗa da sauran lalurorin tabin hankali, raunin ƙwaƙwalwa da cin zarafi ta hanyar lalata, sannan a 2018 wani babban jami'in ma'aikatar, Robert Wilkie, ya ƙara da cewa a dubi halin mutum bayan sallama da kuma batun afuwa.

Umarnin 2017 ya zayyana tambayoyi huɗu da hukumar za ta yi wa kanta, kuma a kansu ya kamata a gina takardar neman tun daga layin farko: shin mutumin yana da wata lalura ko wani abu da ya same shi wanda zai iya zama uzuri, shin abin ya faru ne yana cikin aikin soja, shin lallai shi ne ya jawo laifin, sannan shin ya rinjayi laifin da aka sallame shi a kai. Ta uku ce mai wuya. Bai wadatar likita ya rubuta cewa yana da ciwo ba, ana so ya bayyana yadda ciwon ya kai ga makara, da faɗa da shugaba, da ɓacewar kwana tara. Ka jera takardun kimanta aikinsa a kan tebur bisa kwanan wata. Idan na 2011 da 2012 suna yabonsa, aka kuma fara rubuta masa laifi bayan dawowarsa daga Afganistan, to takardun rundunar da kansu sun zame masa shaida. Umarnin ya kuma yarda a karɓi binciken likitan da aka yi shekaru bayan sallama, da bayanan 'yan'uwa da abokai. Wato kai kanka shaida ne, kuma abin da ake so ka rubuta shi ne abin da ka gani: daren da ka tarar da shi zaune a falo da fitila a kunne har asuba, ko ranar da ƙarar wasan wuta ta sa ya kwanta ƙasa a bakin titi. Sai dai ka sani sassaucin yana da iyaka, domin laifin da aka shirya shi da gangan ko wanda aka cutar da wani a cikinsa ba kasafai ciwo ke wanke shi ba.

Akwai kuma wani abu da lauya zai fara nema a fayil ɗin. Tun daga 2009 dokar Amurka ta wajabta cewa sojan da aka kai fagen daga a cikin wata 24 da suka gabata, wanda aka gano yana da PTSD ko raunin ƙwaƙwalwa ko ya yi kukan yana da su, sai an yi masa binciken likita kafin a ba shi irin wannan sallama. Idan ƙanenka ya taɓa kai kuka asibitin bariki kuma ba a yi binciken ba, wannan saɓa wa ƙa'ida ne da zai tsaya da ƙafarsa. Don haka aikin farko shi ne neman cikakken fayil ɗinsa na aiki da na asibiti, da fom SF-180 ko ta shafin intanet na cibiyar adana bayanan ma'aikata da ke St. Louis a jihar Missouri.

Zan faɗi wata magana da na san ba za ta yi daɗi ba. Mu Hausawa muna da nauyin baki a kan ciwon ƙwaƙwalwa, mukan ce sammu ne ko iska, mu yi ta rufa-rufa don kada a ce gidanmu akwai mai tabin hankali. Addu'a tana da muhallinta kuma ba wanda zai hana ku, amma hukumar da ke zama a kan wannan fayil takardar likita take karantawa, kuma kunyar da ta hana ƙanenka ganin likita tun 2014 ita ce yau take tsaye tsakaninsa da haƙƙinsa. Ba sai ya jira an gyara takardar ba kafin ya sami magani. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wato VA, tana da nata binciken daban a kan halin sallamar mutum, wanda zai iya buɗe masa wasu haƙƙoƙi ko da DD-214 ba ta canza ba, kuma cibiyoyinta na ba da shawara suna karɓar waɗanda suka je fagen daga. Batun sanar da Hajiya kuwa, ku 'ya'yanta kun fi ni sanin lokacin da ya dace.

Wani gargaɗi ya shafe shi musamman saboda ta hanyar aikin soja ya zama ɗan ƙasa. Dokar shige da fice ta ba gwamnati damar neman soke wannan matsayi idan an sallami mutum da irin wannan takarda kafin ya cika shekara 5 yana aiki da daraja, shi kuwa shekara uku ya yi. Ba abu ne da ke faruwa da kansa ba, amma ya isa dalilin da zai sa ku zauna da lauyan shige da fice kafin a aika komai. Don samun lauyan kyauta a kan sallamar, ku tuntuɓi sassan taimakon tsofaffin sojoji na makarantun koyon aikin lauya. Na jami'ar Yale ne ya jagoranci wata ƙara da ta kai ga sulhu a 2021, wanda ya sa rundunar sojan ƙasa ta amince ta sake duba buƙatun sojojin zamanin yaƙin Iraƙi da Afganistan masu irin wannan lalura da ta ƙi a baya. Ku shirya wa jira na watanni masu yawa, kuma ku sani hukumar tana iya ɗaga shi hawa ɗaya kawai zuwa ta gama-gari. Ku roƙi a canza dalilin sallamar da ke rubuce a takardar tare da darajarta, domin kalmar rashin ɗa'a ita ce idon mai ɗaukar aiki ke fara sauka a kai.

Tambaya: Malam, mijina ya yi aikin sojan ruwan Amurka, an sallame shi da irin wannan takarda, ya dawo gida Kumasi, kuma Allah ya yi masa rasuwa bara. Ko ni zan iya nema a madadinsa alhali ba a Amurka nake ba?

Amsa: Allah ya jiƙansa, Malama, ya ba ki haƙuri. Za ki iya, domin doka ta yarda matar mamaci, ko magajinsa na kusa, ko wakilinsa na shari'a su nema a madadinsa, kuma zama a wajen Amurka ba ya hana a aika buƙatar. Ki haɗa da takardar shaidar aure da ta rasuwa, ki aika wa hukumar rundunar sojan ruwa tunda a can ya yi aiki. Idan shekara 15 ba ta cika ba daga ranar sallamarsa, fom DD 293 za ki cike, idan kuwa ta wuce, sai DD 149.