Ƙwayoyin tuffa, ƙwallon afrikot da zancen "bitamin B17"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah tambaya biyu gareni amma kusan abu ɗaya ne. Shekaranjiya na ba ɗana ɗan shekara huɗu tuffa, kafin in juyo ya cinye har da baƙaƙen ƙwayoyin nan na tsakiya, ni kuma na taɓa jin ance akwai guba a ciki, wallahi ranar ban yi baccin kirki ba sai tashi nake ina taɓa goshinsa. Na biyu gwaggona ce ke fama da ciwon daji, sai wata a guruf ɗinmu na WhatsApp ta turo bidiyo wai ɗan cikin ƙwallon afrikot, wani ɗan itace mai ƙwallo a tsakiya, yana da bitamin B17 mai kashe ciwon daji, wai likitoci ne ke ɓoyewa. To na rasa gane kansa, guba ne ko magani? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba gwaggo lafiya ya sa kaffara ne. Na yaron bari in fara kwantar miki da hankali, ƙwayoyin tuffa ɗaya ba abin tada hankali bane, suna da ɓawo mai tauri, in ya haɗiye su ba a tauna ba yawanci haka suke fita a bayan gida, ko ya tauna ƴan kaɗan ɗin ma jiki yana iya warware ƴar gubar da ta fita ya mai da ita wani sinadari da ke fita ta fitsari. Tunda har kwana biyu yana wasansa lafiya to shikenan.

Amma wanda ya gaya miki akwai guba bai yi ƙarya ba. Sunan sinadarin amigdalin, yana cikin ƙwayoyin tuffa da ɗan cikin ƙwallon afrikot da na ceri, yana da yawa kuma a almon mai ɗaci. Wasu Faransawa biyu masana sinadarai, Robiquet da Boutron-Charlard, su suka fara tace shi daga almon mai ɗaci a 1830, daga baya a 1837 Jamusawa Liebig da Wöhler suka nuna yadda wani enzayim, wato sinadarin da ke hanzarta narkar da abubuwa, ke farfasa shi. Shi kansa amigdalin ɗin a zaune yake lafiya lau, sai an tauna ko an daka, ko ya haɗu da bakteriyar hanji, sannan ya rabu gida uku: sukari, da wani sinadari mai ƙamshin almon, da gubar sayanayid. Ita kuwa sayanayid aikinta ta hana ƙwayoyin halittar jiki amfani da iskar oksijin, jini cike yake da iska amma jiki ya kasa ja, kamar mai ƙishirwa a bakin rijiya ba guga.

To zancen gwaggo nan nake so ki buɗe kunne. Babu wani bitamin mai suna B17, suna ne kawai da wani Ba'amurke Ernst Krebs ƙarami ya laƙaba wa amigdalin ɗin nan, shi ne ya yi ta tallata wani samfurinsa da ake kira Laetrile tun shekarun 1950. Bitamin abu ne da in babu shi a jiki za a kamu da wata cuta sananniya, shi kuwa wannan ba wanda ya taɓa rashin lafiya don bai ci ba. Kuma batun wai an ɓoye, ai gwada shi aka yi a fili. A shekarun 1970 cibiyar Sloan Kettering ta birnin New York ta gwada a kan ɓeraye, wani mai bincikensu Kanematsu Sugiura ya ga kamar akwai ɗan tasiri, da aka maimaita gwajin ba a sake ganin hakan ba, a 1977 cibiyar ta ce ba ya aiki. Surutu bai kwanta ba sai cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasar Amurka ta ɗauki nauyin gwaji a kan mutane, asibitin Mayo ya jagoranta ƙarƙashin Dokta Charles Moertel, marasa lafiya 178, aka buga sakamakon a 1982: bai warkar ba, bai tsayar da ciwon ba, bai rage raɗaɗi ba, bai ƙara tsawon kwana ba, sai ma wasu daga cikinsu suka nuna alamun gubar sayanayid. Ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta sake tattaro binciken da ake da shi a 2015 ba ta sami hujjar amfani ba. Eh zaki ga masu bidiyon suna nuna takardun da suka ce ya kashe ƙwayoyin ciwon daji a kwanon gwaji, to guba ai komai take kashewa a kwano, jikin mutum daban ne.

Abin da ya fi bani tsoro shine yawan da ake cewa a ci. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta faɗa a 2016 cewa babban mutum in ya wuce ƙananan ƴaƴan ƙwallon afrikot uku a zama ɗaya, ko ƙasa da rabin babba guda, zai iya haura ma'aunin da ba ya cutarwa, ƙaramin yaro kuwa ko ɗaya tak ya yi masa yawa. Ki duba mai jinya da jiki ya riga ya yi laushi ana ɗura mata dakakke safe da yamma. Kuma shan amigdalin ta baki ya fi yin allurarsa haɗari saboda bakteriyar hanjin nan da na faɗa, in aka haɗa da bitamin C mai yawa ma gubar na iya ƙaruwa.

In har an riga an fara ba gwaggo a dakata yau, a gaya wa likitan da ke duba ta ba tare da jin kunya ba, kar kuma a bar maganin asibiti saboda bidiyo. In kuka ga ciwon kai da jiri da amai da numfashi sama-sama ko ruɗewa bayan ta ci, asibiti kai tsaye, ku ɗauki ragowar ku nuna musu. Akwai makari, ɗaya daga ciki hydroxocobalamin ake ce masa, wani nau'i ne na bitamin B12, ta jijiya ake ba da shi.