Fedar birkin baya ta yi tauri amma babur ba ya tsayawa: wace masta zan sa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na mayar da birkin bayan babur ɗina daga na ganga zuwa na faifai. Kalifar da na samu, wato abin da ke matse faifan birki, mai fistin ɗaya ce, irin wadda ke zamewa a kan ƙusoshi biyu, kuma na auna fistin ɗin, milimita 32 ne. Mastar kuwa, wato famfon da feda ke dannawa ya tura mai zuwa kalifa, an rubuta 14 a jikinta. To ga damuwata: fedar ta yi tauri ƙwarai, da kyar take motsi, amma sai na ɗora mata duk nauyina kafin babur ya rage gudu. Bakanikena ya ce mastar ce ta yi kaɗan, in nemo mai 5/8 na inci. Na ce bari in ji ta bakinka kafin in kashe kuɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. In ka ɗaura mai 5/8, abin da kake kuka da shi ne zai ƙaru. Mastarka ba ƙanƙanta ta yi ba, yawa ta yi wa wannan kalifa.

Ban ga laifin bakanikenka sosai ba, don hankali yana ba mutum cewa babban abu ya fi ƙarfi. A birkin mai, akasin haka ne. Samo sirinji biyu, siriri da mai kauri, ka cika su da ruwa, ka toshe bakin kowanne da yatsa ka danna. Da ƙarfin babban yatsa iri ɗaya, siririn ne zai fi tura yatsan naka, sai dai ruwan da yake turawa kaɗan ne. Ka'idar da Blaise Pascal na Faransa ya bayyana tun ƙarni na 17 ke nan: matsin da ke cikin mai shi ne ƙarfin ƙafarka a raba da faɗin fuskar fistin. Fuska ta ƙaru, matsi ya ragu.

Bari mu yi lissafi da naka. Lambar da ke jikin masta faɗin raminta ce, amma abin da ke aiki shi ne faɗin fuskar fistin gaba ɗaya, kuma shi ba ɗaya-ɗaya yake hawa ba. Mai milimita 11 fuskarta murabba'in milimita 95 ce. Mai rabin inci, wato 12.7, tana da 127. Taka mai 14 tana da 154. Mai 5/8 ɗin da aka ce ka saya, wadda take milimita 15.87, tana da 198. Fistin ɗin kalifarka kuma 804. Raba 804 da kowanne ka ga sau nawa ake ninka ƙarfinka: yanzu kana kan 5.2. Da mai 5/8 za ka faɗo 4.1, ka yi asarar fiye da kashi 20 cikin 100 na ɗan kamun da kake da shi, feda kuma ta ƙara sandarewa. Da mai rabin inci za ka hau 6.3. Da mai 11 kuwa 8.5. Dubi yadda milimita 3 kacal tsakanin 14 da 11 ta kawo ƙarin fiye da kashi 60 cikin 100.

Ga masu wata kalifar daban, a lura da wannan wajen ƙirga. Mai zamewa mai fistin ɗaya daidai take da mai fistin biyu masu fuskantar juna, in girmansu ɗaya ne, saboda haka ɓangare ɗaya kawai ake ƙirgawa. In kuwa fistin biyun a jere suke a gefe ɗaya, sai a haɗa su.

Kar jin 8.5 ya ruɗe ka ka ruga ka sayo mai 11. Duk abin da ka samu na ƙarfi, da tafiyar feda za ka biya shi: mai kaɗan take turawa, dole ƙafa ta ƙara nisa kafin takalman birki su kama faifai. In abin ya wuce kima, fedar za ta kusa kaiwa ƙarshe kafin birki ya kama sosai, ranar da mai ya yi zafi kuwa ba sauran rara. Sannan birkin baya ba na gaba ba ne. Da zarar ka taka, nauyin babur yakan koma gaba, tayar baya ta yi sakayau, ɗan ƙarin matsi kaɗan sai ta kafe ta fara jan ƙasa. A kwalta mai ruwa ko kan yashi, wannan ne ke juya bayan babur gefe. Ga shi ƙafa cikin takalmi ba ta da jin da yatsun hannu ke da shi. Ni a wurina birkin bayan da zan iya sarrafawa sannu-sannu ya fi mini wanda ke cafkewa nan take.

Don haka da ni ne, rabin inci zan fara sawa. In kuma ka san babur ɗin da aka ciro kalifar daga jikinsa, nemi girman mastar da kamfani ya haɗa su tare, wannan ya fi duk lissafina. Kamfanoni irin su Nissin sukan zuba lambar a jikin ƙarfen, za ka ga 1/2 ko 14 ko 5/8.

Akwai abin da ba ka faɗa mini ba, kuma yana iya sauya amsar: tsawon feda. Auna daga inda take juyawa zuwa inda ƙafarka ke taka, sannan daga inda take juyawa zuwa sandar da ke tura fistin. A ce na farko santimita 16, na biyu 4, ninki huɗu ke nan. In wajen walda an matsar da mahaɗin sandar ya zama 5 da rabi, ka koma ƙasa da ninki uku, kuma ko ka sauya masta ba za ka ji daɗinta ba. Fedar birkin ganga ba don masta aka yi ta ba, shi ya sa nake zargin nan wurin.

Kafin sayen komai, kwance kalifar ka duba. Iska dai ba ita ba ce, don iska laushi take sa feda, ba tauri ba. Amma takalman birkin da suka yi sheƙi, ko mai ya taɓa su, ko sababbin da ba su gama zama a kan faifai ba, duk suna ba da wannan alamar. Haka ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kai: in sun cije, gefe ɗaya ne kawai ke kamawa. Tura ta da hannu, ya kamata ta yi gaba ta dawo ba gardama.

Ranar ɗaura sabuwar, ka tsaya a kan bakaniken ya bar ɗan wasa tsakanin sanda da fistin. Akwai wani ɗan mitsitsin rami a cikin masta da mai ke komawa kofin ajiyar mai ta cikinsa in ka ɗaga ƙafa. Sanda ta yi tsawo ta rufe shi, birki zai riƙa gugar faifai, mai ya yi zafi ya kumbura, taya ta kafe kana tsakiyar tafiya ba tare da ka taka komai ba. Zuba man da aka rubuta a murfin kofi, yawanci DOT 4, kuma kar a gauraya shi da DOT 5, ba jinsi ɗaya ba ne. Bayan an cire iska, ɗaga tayar ka taka ka saki, ka ga tana juyawa sakat. Daga nan sai fili marar ababen hawa, ka fara gwadawa da ƙaramin gudu.

Mai babur ɗin da ke da ABS kuwa, wato na'urar da ke hana taya kafewa in an taka birki, wannan lissafin ba nasa ba ne, ya mayar da girman da kamfani ya sa.