Ga 'yar'uwar da ke tsoron aikin kunne

Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin ce jinki ya ragu tun haihuwar fari, likita ya ce wani ƙashi ne ya daskare a cikin kunnen, kuma kina tsoron aikin. Wallahi sai da na yi hawaye, don ciwon nan, da likitoci ke kira otosikilerosis, ni ma shi na yi. Ya fi kama mata, ciki kuma yakan ƙara wa wasu. Ni a goyo na biyu ya cinye mini kunnen hagu, ga ƙugi dare da rana.

Abin da ya fi ƙona mini rai uwar mijina ce. Ta kafe wai raini ne: "A gidan biki ras kike ji, ni in na kira ki kin zama kurma." Ranar da yarona ya faɗo daga gado yana tsala ihu a ɗaka, ina tsakar gida ina wanke-wanke ban ji ba, a gaban maƙwabta ta ce ban cancanci riƙon ɗa ba. Har yau in na tuna ƙirjina zafi yake. Sai daga baya likita ya ce jin magana cikin hayaniya alamar ciwon ce, saboda a nan kowa ɗaga murya yake. Har gobe ba ta ce mini yi haƙuri ba.

Don Allah kar ki yarda a ɗiga miki ruwan albasa ko man zafi, kar ki kai kunnen kemis a wanke. Ba datti ba ne. Ƙashin nan shi ne mafi ƙanƙanta a jikin mutum, bai kai ƙwayar shinkafa ba, in ya daina motsi sauti ba ya wucewa ciki. A wajen aikin, ta ramin kunne likitoci suke bi, su huda gindin ƙashin, su sa ɗan ƙarfe siriri ya riƙa motsin. Tun 1956 ake irin wannan aikin. Kunne ɗaya ake fara yi, wanda ya fi lalacewa.

Ba zan ɓoye miki ba, bayan an yi mini aikin na sha jiri, abinci ya yi mini ɗanɗanon ƙarfe na wani lokaci, kuma kusan mutum ɗaya cikin ɗari kan rasa jin kunnen gaba ɗaya. An hana ni fyace majina da ƙarfi, ɗaukar bokitin ruwa, da barin ruwa ya shiga. Jin bai dawo nan take ba, sai da aka cire audugar da aka sa a kunnen, kumburi ya sauka. Alhamdulillahi yanzu ko an yi sallama daga zaure ina amsawa.

Ki yi gwajin ji a sashen kunne na Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ki tambayi likitan kai tsaye ko ya saba yin aikin. In hankalinki bai kwanta ba, na'urar ji ma tana taimako sosai, kar ki ji kunyar sa ta. Ki tafi da maigidan ya ji bayani da kunnensa, ƙannenki ma a gwada su, don ana gadonsa.