Shin wasan bidiyo zai taimaki mahaifina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma ya gaji da atisayen da likitan gashin ƙashi ya ba shi. Jikokinsa sun ce wasan bidiyo zai taimaka masa. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Jikokin suna da gaskiya, muddin wasan irin na motsa jiki ne, kamar na Nintendo Wii da ya fito a 2006, inda mutum ke riƙe ƙaramar na'ura yana wurga hannu tamkar mai buga ƙwallon tanis, allon talabijin na nuna masa makinsa. Sai dai wani bincike da mujallar Lancet Neurology ta buga a 2016 ya nuna cewa Wii bai fi wasannin hannu irin su karta gyara hannun majinyata ba, don duka rukunin biyu sun samu sauƙi. A ganina amfaninsa shi ne yana sa dattijo ya maimaita motsi sau da yawa ba tare da ƙosawa ba, kuma maimaitawar ce ke sake koya wa ƙwaƙwalwa sarrafa hannun. Ku fara tuntuɓar likitansa, ya soma a zaune, wani na kusa da shi saboda gudun faɗuwa.